Tarin da Ta Ɓoye

Wata biyu ke nan yarinyar ba ta zauna a jikin Mama ba. Ƙaninta Auta ne ya yi ciwon hanta. Likitoci suka ɗebi wani ɓangare na hantar Mama suka dasa masa.

An sallamo su daga asibiti, amma suna ɗakin ƙurya su biyu. A bakin ƙofar an ajiye sabulu da takunkumin fuska. Nan yarinyar take tsayawa tana leƙe. Ga Mama kusa, amma kewarta ta ishe ta.

"Baba, yaushe zan shiga?"

"Ranar Asabar, in Allah ya yarda," in ji Baba. "Amma likita ya ce mai mura ko tari kada ya matso. Maganin da Auta yake sha ya rage masa ƙarfin jiki."

Ranar Juma'a a aji, maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi, tana ta tari.

"Wannan tarin fa?" in ji Malama. "Ki gaya wa iyayenki."

"To, Malama."

Amma to ɗin a baki ya tsaya. In ta faɗa, Asabar ta wuce ta.

Washegari ta haɗiye tarinta, ta shiga. Ta kwanta a kafaɗar Mama tana shaƙar ƙamshin mayafinta. Auta ya janye mata takunkumi yana dariya, ita kuwa ta ƙyale shi. Kafin ta ankara, tari ya kuɓuce mata.

"Ruwa ne ya shaƙe ni," ta ce da sauri.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe Auta. Aka koma da shi asibiti, Mama ta bi shi. Yanzu ko wanda za ta leƙa babu. Ta zauna a ƙofar ɗakin ta yi ta kuka.

"Baba, ni ce. Ina tari na ɓoye. Mama nake so."

Baba ya dafa kanta. "Kin ga sauri ya haifi nawa. Amma gara da kika faɗa. Bari in gaya wa likita."

Kwana biyar suka yi, Auta ya samu sauƙi, suka dawo. Yarinyar ta tsaya a waje ta taga, ba wanda ya sa ta.

"Mama, tarin bai gama tafiya ba. Zan jira."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Mama.

"Mama, kin fi son Auta? Shi kika ba hantarki."

Mama ta yi dariya har ta dafe cikinta. "Hanta kawai na ba shi, Yayar Auta. Zuciyata kuwa taku ce ku biyu."

Da mako ya zagayo tarin ya tafi. Yarinyar ta wanke hannu ta shiga, Mama ta rungume ta, ta daɗe ba ta sake ta ba. Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa in kana son mutum, ba ka ɓoye masa abin da zai cuce shi.