Kankare Daga Get Zuwa Ƙofar Amarya

A shekarar da wayar salula ta shigo Kano, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, Elisha ya kai gyaran riga wani shagon ɗinki a Gyadi-Gyadi. Mai shagon, Hope, ta ɗago kai ta yi masa murmushi, nan take ya manta abin da ya kawo shi. Sai da ta miƙe ɗauko zare ya ga sandunan da take dogarawa. Shan inna ne ya taɓa ƙafarta tun tana goye.

Bai fasa dawowa ba. Rigunansa suka dinga yagewa ba dalili.

"Malamina, ka bar ɓalle maɓallan nan da gangan," in ji Hope, tana dariya.

"To da wane dalili zan zo, Tauraruwata?"

A lokacin iyayensa suna ƙarasa gidansu a Tarauni, da sashen da aka ware masa. Saura daɓen harabar gida. Elisha ya nemi a zuba kankare mai kaushi, don ya san bakin sandar Hope yana shigewa ramin da ke tsakanin tubalan intalok, balle in ruwan sama ya kwashe yashin. Mahaifiyarsa, Mama Saratu, ta saurare shi tsaf, ta sa aka shimfiɗa intalok kaɗan a bakin get, wai na gwaji, sannan ta gayyaci Hope cin abinci.

Taku kaɗan Hope ta yi, sandar ta maƙale, ta kife a gaban baƙi. Mama ba ta motsa daga kujera ba.

"Sannu 'yata. Harabar ma ta gagare ki, ina ga goyo?" Ta dubi Elisha. "Ga Gloria ta ƙungiyar mawaƙan coci, da ƙafafunta biyu. Intalok ɗin nan ya yi mini, a shimfiɗe ko'ina."

Hope ta ture hannun Elisha, ta tashi da kanta, gwiwarta na jini.

Bayan kwanaki aka ba ta labari an ga Elisha yana sauke tubalan daga mota. Ta tura masa saƙo:

"Na ji da hannunka ka sauke su. Na gode. Allah ya ba ka mai iya takawa."

Ya karanta. Gaskiya ne ya sauke, Mama ce ta sa shi. Ya rubuta:

"Rabin raina, ki ba ni zuwa Lahadi."



Elisha ya durƙusa gaban mahaifinsa, Baba Ishaku, mutumin da bai cika magana ba. Baba ya daɗe yana duban harabar, ya ce, "Yarinyar ta faɗi a gidana ina kallo, ban ce komai ba. Jeka kira birkila."

Ran Asabar Mama ta tafi taron zumuntar mata. Kafin ta dawo an ɗage tubalai daga get har ƙofar sashen Elisha, an zuba kankare, an ja tsintsiya a kai don kada ya yi santsi.

"Ka tsaga mini gida saboda gurguwa!" Mama ta yi ihu. "Ban yafe ba!"

"Mama, sunanta Hope," ya ce a hankali.

Ran Lahadi ya je Gyadi-Gyadi ya gaya wa Hope an zuba kankare, ya nuna mata tafukan hannunsa da siminti ya cinye. Hope ta riƙe su, ta yi kuka.

"Za ta ƙara tsanata, Malamina."

"Na sani. Za ki shigo?"

"Zan shigo."

Aka ɗaura aure. Mama ta zauna a coci fuska a murtuke, ko tafi ba ta yi ba. Da aka kawo amarya Tarauni, 'yan rakiya suka ce a ɗauke ta cak. Hope ta ce a'a, a ba ta sandunanta.

Mama na tsaye a kan intalok ɗinta, tana jira. Hope ta taho a hankali cikin farar riga, ta tsaya daidai gabanta, ta rusuna.

"Mama, ina wuni."

Mama ta kau da kai. Baba Ishaku ne ya ɗora hannu a kan amarya da ango.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku haƙuri da mu. Shiga ɗakinki, 'yata."