Ciwo a Cikin Safa

Akwai wata yarinya a wani ƙaramin gari a arewacin jihar Queensland, can ƙasar waje, garin rake da ayaba. Shekararta tara. Ba a gidan iyayenta take ba. 'Yar riƙo ce. Ofishin kula da yara ne ya kawo ta gidan Anti Merle a farkon damina.

Kafin nan ta zauna a gidaje da dama. Wani gidan ta yi watanni, wani ko sati ba ta cika ba. A wannan yawon ta koyi abu guda, kuma a karkace ta koye shi. Ta ɗauka duk yaron da ya ba da wahala, mayar da shi ake yi.

Gidan Anti Merle na katako ne, a kan dogayen ginshiƙai saboda ambaliya. Su uku ne a ciki: Anti, da mahaifiyarta Kaka Beryl, da yarinyar. Idon Kaka ya yi rauni, amma bakinta lafiya lau.

Anti tana aiki a rumfar ayaba ta wani mutum mai suna Gino. Ita da sauran matan rumfar su wanke ayaba, su jera a kwali. Ranar da ka je, a biya ka. Ranar da ba ka je ba, sai haƙuri.

Shi kuwa riƙon yara, ba a lissafa shi cikin aiki. Ofis yana ba da ɗan abin da za a ciyar da yaro a yi masa sutura. Mai riƙo ba ta da albashi, ba ta da hutu. Amma in ofis ya ce zai zo, dole ta ajiye komai ta jira. Ofis ɗin kuma bai san wata rana ba sai ranar aiki.

Wata yamma Gino ya sauke Anti a ƙofar gida da motarsa. Yarinyar tana ƙarƙashin gida tana wasa da kare. Ba su gan ta ba.

"Merle, ranar Talata kuma?" in ji Gino.

"Ranar Talata kuma. Sun canza ma'aikaciya. Sabuwar tana so ta ga gida."

"Ta nawa ke nan?"

"Na daina ƙirgawa."

"To ni dai ayaba ba ta san ofis ba. Bayan wannan, in kika sake fashi, zan ba wata gurbinki. Ba mugunta ba ce."

"Na ji, Gino."

Anti ta hau matakala a gajiye. Yarinyar tana jin muryarta ta tsakanin katako.

"Mama, in aikin nan ya kuɓuce, ban san inda za mu sa kanmu ba."

"Inda muke sa shi kullum, a kan wuya," in ji Kaka. "Zo ki sha shayi."

Yarinyar ba ta tsaya jin sauran ba. Ta rungume karen. A ranta ta ce, "Saboda ni ne. In aikin ya tafi, ni ma tafiya zan yi."

Talata ta zo ta wuce. Sabuwar ma'aikaciyar, Malama Tamsin, ta duba ɗaki, ta duba firji, ta tafi.

Ranar Asabar aka aiki yarinyar ɗebo ƙwai. An kwana ana ruwa. Ta fita ba takalmi, kamar kowane yaro a garin. A bayan akurkin kaji akwai tsohon kwanon rufi da ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe shi. Ta taka bakinsa. Ya tsage mata tafin ƙafa.

Ta buɗe baki za ta kira Anti, sai ta fasa. Ta san ƙa'ida. Ciwon da ya kai ga likita, sai an sanar da ofis. In an sanar, za su aiko mutum. Mutumin kuma ranar aiki zai zo.

Ta wanke jinin a famfon waje. Ta naɗe ƙafar da tsumma. Ta sa safa, ta sa takalmin makaranta.

Kaka ba ta gani sosai, amma kunnenta ba ya kuskure. Ta ji ƙwas-ƙwas a kan katako.

"Wace baƙuwa muka yi mai takalmi har cikin ɗaki?"

"Ni ce, Kaka. Sanyi nake ji."

"Sanyi? A garin nan da kwaɗi ma gumi suke yi? To, ranki ya daɗe, in kin gama sarautar a miƙo mana ƙwai."

Da yamma Anti ma ta tambaya.

"Lafiya dai, ƙawata? Na ga kamar kina ɗingishi."

"Takalmin ne ya matse ni, Anti."

"To cire mana, in gani."

"A'a, Malam ya ce in ana sawa zai saki."

Ƙarya ta biyu ke nan. Ita ƙarya haka take, ba ta zuwa ita kaɗai.

Yarinyar takan yi wanka da kanta, ta kulle ƙofa. Anti ba ta matsa mata, don tun zuwanta aka ce a bar ta ta saba a hankali. Haka ciwon ya samu wurin ɓuya.

Ciwo kuwa ba a roƙonsa. Ƙafar ta kumbura. Ta yi ja, ta fara ruwa. Ranar Laraba yarinyar ta tashi kanta yana sarawa. Anti ta fita tun asuba. Yarinyar ta daure ta hau motar makaranta.

Da aka fito filin wasa, Malam Brennan ya ce a zagaya da gudu. Yara suka zuba. Ita ta yi taku kaɗan ta durƙusa.

Malam ya zo ya tsuguna a gabanta. Ya taɓa goshinta.

"Jikinki kamar wuta. Ina ne yake miki ciwo?"

"Babu ko'ina, Malam."

"Babu ko'ina ba ya sa mutum kuka. Bari mu ga ƙafar nan."

"Don Allah, Malam, kada ka kira Anti. Tana wurin aiki."

Malam ya zare takalmin a hankali. Safar ta manne da tsumman. Da ya ga abin da ke ciki, sai ya miƙe. Ya ɗauke ta cak zuwa ofishin makaranta. Aka kira asibiti. Aka kira Anti. Aka kira ofishin kula da yara, don haka doka ta ce.

Anti ta bar ayaba a cikin ruwa, ta bar babbar mota tana jiran kaya. Ta iso asibiti da rigar aiki a jiƙe.

Likita ya ce ciwon ya shiga ciki. Sai an kwantar da ita. Aka yi mata allura, aka ɗaura mata ruwa. Anti ta zauna a gefen gado, ta riƙe hannunta, ba ta yi mata faɗa ba. Wannan shirun ya fi wa yarinyar zafi a kan allurar.

Washegari Malama Tamsin ta zo. Ta kira Anti bakin ƙofa. Yarinyar ta rufe ido kamar mai barci.

"Anti Merle, dole in tambaye ki. Yaya aka yi ciwo ya kai haka ba ki gani ba?"

"Na tambaye ta. Ta ce takalmi ne. Da na sani da na cire shi da hannuna."

"Za a yi bincike. Kafin a gama, wataƙila in an sallame ta a kai ta wani gida."

"Wani gida kuma? Yarinyar da sai yanzu ta fara dariya?"

"Ba ni ke yankewa ba."

"To wa zan gaya wa nawa bayanin? Ma'aikaci in an zarge shi, yana da mai tsaya masa. Ni kun ce ba ma'aikaciya ba ce. Gino ya riga ya ba wata gurbina. Wannan na haƙura. Amma ita kada ku ɗauke ta."

Anti ta juya. Ta fita tsakar asibiti.

Kaka ma ta zo asibitin, tana zaune a kujera da sandarta. Ta ƙwanƙwasa ƙafar gadon.

"Ke, buɗe idonki. Na yi renon yara tun ba a haifi likitan nan ba. Na san barcin ƙarya."

Yarinyar ta buɗe ido. Hawaye sun cika su.

"Wa ya ce ki ɓoye?"

"Ba kowa, Kaka."

"To don me?"

"Na ji Gino ya ce in Anti ta sake fashi zai kore ta. Na ce in na faɗa, ofis za su zo ranar aiki. In aikin ya tafi, za a mayar da ni."

Kaka ta jingine sandarta. Sannan ta laluba ta kamo hannun yarinyar.

"Kin ji rabin magana a ƙarƙashin gida, kin ɗinka sauran da kanki. Ga ɗinkin naki nan. Da ranar Asabar kika faɗa, wankewa ne da magani, a kai ki wurin likita da yamma, shi ke nan. Yanzu ga gado, ga allura, ga Merle ana tuhumarta kamar mai laifi."

"Taimakonta nake so in yi."

"Na sani. Shi ya sa ban ɗaga sandar nan ba. Amma maganar aiki da abinci ta manya ce. Taki ita ce in abu ya dame ki, ki faɗa."

"Kaka, ke ki gaya wa Malama."

"A'a. Bakin da ya ɓoye, shi zai tona. Ina nan kusa da ke."

Aka kira Malama Tamsin. Anti ma ta dawo ta tsaya a jikin bango. Yarinyar ta fara da ƙaramar murya. Ta faɗi maganar kwanon rufi. Ta faɗi tsumma da safa. Ta faɗi ƙaryar sanyi da ƙaryar takalmi.

"Anti ta ce in cire ta gani, ni na ƙi. Ba laifinta ba ne. Don Allah kada ku kai ni wani gida."

Malama Tamsin ta zauna a bakin gadon.

"Wani ya sa ki faɗi wannan?"

"Kaka ta ce in faɗi gaskiya. Wannan ce gaskiyar."

"Kuma saboda zuwana ranar aiki kika ɓoye?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"'Yar nan," in ji Kaka ga Malama, "motarku ba ta tafiya da yamma ne? Ko bayan la'asar gidan namu yana canza kama?"

Malama ta yi ɗan murmushi, na gajiya. "Kaka, yaran da ke hannuna suna da yawa. Amma ba wanda ya taɓa ce mini ranar tana jawo muku asara. Zan nemi a bar ni in riƙa zuwa bayan an tashi aiki. Abin da yarinyar ta faɗa kuma zan kai shi yau."

Da ta fita, Anti ta matso ta rungume yarinyar.

"Saurare ni da kyau. Ko aiki ya tafi, ko rufin gida ya tafi, ba ke za ki tafi ba. Ban ɗauke ki don ba ki da wahala ba. Yaro da wahalarsa ake sonsa."

Binciken ya ɗauki kwanaki. An tambayi Malam Brennan, an tambayi likita. Ranar da aka sallami yarinyar, gidan Anti Merle aka mayar da ita.

Amma kuskure ba ya gogewa a rana ɗaya. Anti ta zauna babu aiki. Aka yi ta cin ƙwai da kabewa, safe da yamma. Yarinyar ba ta je wasan ninƙaya na makaranta ba, don ƙafar tana ɗaure. Ta ji zafin wannan, kuma ta san dalili.

Wata safiya motar Gino ta tsaya a ƙofa. Ya hawo da nonon ayaba a kafaɗa.

"Ga ɗan Rosa," in ji Kaka. "Da ayaba ka zo biyan rashin kunya?"

"Kaka, a yi haƙuri. Matan rumfa sun hana ni sakat. Sun ce in Merle ba ta dawo ba, in wanke ayabar da kaina."

"Da ka wanke. Ko bayan kunnenka ba ka iya wankewa ba kana yaro."

Gino ya yi dariya. Ya dubi Anti. "Ki dawo Litinin. In wata rana ofis ya matsa, ki faɗa mini tun da wuri, matan sun ce za su riƙe miki wurinki."

Yarinyar ta fito tana ɗingishi.

"Kawu Gino, ni na jawo. Ka yi haƙuri."

Gino ya sosa ƙeya. "Ni ma da na san akwai ƙananan kunnuwa a kusa, da na iya bakina."

Bayan wasu makonni, ana cikin cin abincin rana, yarinyar ta ajiye cokali.

"Anti, haƙorina na baya yana ɗan yi mini ciwo. Tun ɗazu ya fara."

"Tun ɗazu?" in ji Kaka. "Madalla. Yau an yi hankali. Buɗe bakinki, Merle ta gani."

Yara, ku riƙe wannan. In wani abu yana damunku, a jiki ko a zuciya, ku faɗa wa babban da ke kula da ku tun yana ƙarami. Ɓoye ciwo ba taimako ba ne. Wanda yake sonku ya fi so ya sha wahala da ku a kan ku sha ta ku kaɗai.