Sarƙar da Ake Kira Yacine

"Kar ki sayar mata, Yacine. Don Allah kar ki sayar!"

Yacine ta ci gaba da goge zoben da ke hannunta kamar ba da ita ake ba. Birame Diop ne tsaye gaban akwatin gilashi, mutumin da ya shekara uku yana shan shayi a bayan shagon nan yana ce mata hasken idona. Yau ko ido ya kasa haɗawa da ita.

"Wa zan hana me?"

"Mamata. Gobe za ta zo da... da amaryar. Sarƙarki take so."

Sai a lokacin ta ɗago.

Duk macen da ta san zinare a Dakar ta san al'adar gidan mahaifin Yacine, maƙerin zinare Madicke Mbow. In 'yar gidan za ta yi aure, a ƙera mata salon da ba a taɓa gani ba, ta fara sa shi ranar biki, sannan a fitar da shi kasuwa da sunanta. Haka aka samu Coumba, 'yan kunne masu zubin kwando, sunan goggonta ne. Haka aka samu Sokhna, awarwaro mai igiya uku, sunan yayarta. Matan manya har gori suke wa juna a wurin biki, wance ko Coumba ɗaya ba ta da ita.

Ta Yacine kuwa wata bakwai Baba Madicke ya yi yana jan zinare siriri kamar gashi, yana saƙa shi irin saƙar komar masunta. Ya fara ne tun ranar da Birame ya durƙusa ya gaishe shi.

Adja Diouma, uwar Birame, ta ga sarƙar ranar da ta zo wai ganin dangi. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwan gidan, amma sarƙa ta juya ta ya fi sau goma. Kwana biyu sai ga saƙo, jinin Diop ba ya auren 'yar maƙera. Abin haushin ke nan da manyan garin nan, su rataya aikin hannun maƙeri a wuya suna taƙama, amma 'yarsa ta yi musu datti.

"To ka hana ta mana," in ji Yacine. "Ba uwarka ba ce?"

"Kin san halinta..."

"Na sani. Kai ne ban sani ba sai bana."

"Masoyiyata, wallahi zuciyata tana wurinki!"

"Zo ka ɗauki abarka, ba ni da wurin ajiya." Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ka kasa cewa a'a a kaina, yanzu ni zan ce maka a'a a kan sarƙa? Har wannan ma ni zan yi maka, Birame?"

"Ba zan iya ganinta a wuyan wata ba."

"Allah sarki! Sannu."

Ya fita yana share ido. Tausayinsa ya taso mata, ta tsani kanta saboda haka.

Baba yana maƙera, ya ji komai. Bai juyo daga wutar ba.

"In kin ce in narka ta, yanzu zan narka, 'yata."

"Wata bakwai fa, Baba. Idonka har ya rage gani."

"Idona ne. Ba mu taɓa sayar da salon da mai shi ba ta sa ba."

Ta tsaya tana kallon hannuwansa masu tabon ƙuna.

"In na sayar, sunan yana nan?"

"Suna ba ya canjawa. Na riga na zana shi a bayan maɗauri."

"To a bar ta."

Washegari da hantsi Adja Diouma ta shigo, turarenta ya riga ta. Bayanta amarya ce, Nogaye, 'yar garin Ndar mai sanyin murya, da gani ba ta san komai ba. Birame ya tsaya bakin ƙofa riƙe da makullin mota kamar direban haya.

"'Yar maƙera, ɗauko mana abin nan," in ji Adja.

Yacine ta ɗauko. Da hannunta ta zagaya wuyan Nogaye, ta ɗaura, ta juya mata madubi. Sarƙar ta kwanta kamar don ita aka yi, wannan ya fi komai yi wa Yacine zafi.

"Kai! Ban taɓa ganin irinta ba," in ji Nogaye. "An ce duk kayan gidanku da suna. Ita ya sunanta? Za a tambaye ni."

"Za a tambaye ki kam, a kowane biki, har ki tsufa. 'Yarki ma za ta gada." Ta gyara mata maɗaurin a hankali. "Yacine."

Fuskar Adja ta canja. "A goge! A sa mata wani."

"Sai dai ki bar ta, Adja," Baba ya faɗa daga ciki. "Jibi za ta fita kasuwa da sunanta."

Adja ta dubi sarƙar, ta dubi ƙofa. Ta riga ta cika baki a gari cewa surukarta ce za ta fara sa sabon salon Mbow. Ta yi tsaki, ta ce a naɗe.

Nogaye ta juya tana murmushi. "Birame, dubi! Yacine ta yi maka?"

"Ta yi," ya ce. "Ta yi mini."

Yacine ta raka su har mota, ta yi musu fatan alheri da murya sarai. Ta dawo ta wuce maƙera, ta zauna kusa da Baba. Ya miƙa hannu ya shafa wuyanta inda ba komai.

"Zan yi miki wata."

"A'a, Baba. Kowace 'ya ɗaya ake mata." Sai kukan ya ƙwace. "Tawa ta tafi gidan da na so zuwa."