Zanen da Maccido Ya Kai Ƙarshe

Kunun kanwa na kai wa Ni'imatu, ɗiyar ƙanena, tana jego a Tambuwal. Rana ta faɗi, ladan na gyaran murya. Na iske ta zaune a tsakar gida, kuncinta a kumbure da shatin yatsu, hannunta babu jaririya.

"Ina ɗiyar?"

"Tana ɗakinai, Gwaggo," ta ce a hankali. "Ya ce kukanta ya ishe shi."

Mijinta Maccido mai buga takardu ne a sakatariya, ya sayo tsohuwar kwamfuta ya aje a ɗaki. In an bar ta ba a taɓa ba, wani zane kan fito a gilashinta kamar ƙunshin lalle: reshe ya haifi reshe, ƙaramin ya haifi wanda ya fi shi ƙanƙanta. Wai ya gano in ya kwantar da jaririyar gaban abin, sai ta yi shiru. Ko yaron goye ya san ba a raba ɗanyen jariri da uwarsa da magariba, balle a ba shi abu mai ƙyalli ya kalla.

Na shiga ba sallama. Ɗakin na warin ƙonannen gashi. Jaririyar na kan tebur, idanunta a buɗe, ba ƙiftawa.

"Gwaggo, dubi wanga aiki," in ji Maccido, yana dariya, yana nuna mani wuraren saita zanen. "Nan sauri, nan launi, nan zurfi. Jiya rabi na sa, ta yi tsit. Yau har ƙarshe zan kai shi."

Ya ja zurfin. Zanen ya fara nutsewa cikin kansa.

Janareta ya yi tari, ya mutu. Fanka ta tsaya. Zanen bai tsaya ba.

Na ji numfashi daga cikin gilashin, mai ɗumi, kamar na saniya.

Rassan suka lanƙwashe. Ashe yatsu ne. Kowane yatsa da nasa hannun, kowane hannu da nasa yatsun, duka suna miƙowa wajen ɗiyar.

Na taɓa ta, sanyi ƙalau. Na yi bisimilla, na kifa mayafina a fuskarta, na sunkuyar da kaina.

Yatsun suka tsaya. Suka juya wajen wanda ya rage yana kallo.

"Gwaggo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Idona ya ƙi rufuwa. Rufe mani fuska."

Mayafi ɗaya gare ni. Ko da biyu ne, sai na yi shawara.

Na sungumi ɗiyar zan fita, wani abu ya riƙe ƙafata. Na fizge, ya tafi da takalmin, na faɗo tsakar gida da ɗiyar a ƙirjina. Ta tsala kuka. Ta rayu.

Mazan unguwa suka fito da Maccido bayan sun rufa wa gilashin buhu, suka jefa na'urar a tsohuwar rijiya, suka bi ta da ƙasa.

Maccido yana nan da ransa. Yana zaune a zauren mahaifinsa a Kebbe, idanunsa a buɗe sun bushe, ƙudaje na sauka a kansu. Ranar kasuwa nakan bi ta ƙofar. Ya san takuna.

"Gwaggo, rufe mani."

In gyara kayana, in wuce.