Zalɓe na Bakwai

Gab da magariba Gidaɗo, malamin makaranta mai sha'awar hoton tsuntsaye, ya laɓe cikin ciyawa a bakin dam ɗin Goronyo. Zalɓe bakwai ya ƙirga cikin ruwa, ya saita kyamara.

"Mi kaka ɗauka, ɗana?"

Wani dogon tsoho ne tsaye cikin ruwan, yana ƙarnin ɗanyen kifi. Gidaɗo bai ji isowarsa ba. Ya rungume kyamarar, yana zaton ɓarawo ne.

"Tsuntsaye, Baba."

"Wa yab ba ka izni?"

Gidaɗo ya saci kallon tsuntsayen. Ko ɗaya bai tashi ba, amma shida suka rage. Tsohon ya ɗaga ƙafa zai matso, sai gwiwarsa ta lanƙwashe ta baya.