Masu Sayen Sabulun Auta

"Wannan kuma mene ne?!"

Auta ce tsaye a ƙofar ɗan ɗakin da ke bayan shagon Kafinta, hannunta riƙe da labule. Da gudunta ta zo yi masa albishir kamfani ya ƙara mata matsayi. Ba ta gan shi a bakin teburin aiki ba, shi ne ta leƙa ciki.

Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi.

Sabulunta ne. Kowane kwali da ɗan furen da take zanawa da jan biro kafin ta miƙa wa mai saye.

Kafinta ya shigo da fensir a bayan kunne, yana ganinta ya yi turus.

"Autata..."

"Kar ka Autata ni! Wannan ba shi na sayar wa matar direba ba? Wannan kuma na mai kitso! Me ya kawo su nan?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. Sai kallon garin katakon da ke ƙafarsa yake.

To, 'yan mata, bari a koma baya kaɗan, don wanda bai san farkon zance ba sai ya ɗora wa mara laifi laifi.

Auta da Kafinta sun daɗe suna son juna, har an sa musu rana. Ana cikin haka wani mutum ya kama ofis a saman bene, kullum cikin kwat ko da rana na dafa ƙwai, shi ya sa unguwa ta raɗa masa Mai Kwat. Ya ce sabulun kamfaninsu na mayar da tsohuwa yarinya. Ka sayi kwalaye ka sayar, ka kawo mutane su ma su saya, shekara ba za ta zagayo ba sai ka hau motarka. Ranar taro har tafi ake ana tsalle. Auta ta je kallo, ta dawo da kwali a ka.

Kafinta ya gwada sabulun nan, ya ce, "Masoyiya, wannan ai ko kumfa ba ya yi."

Ta kwashe maganar ta kai wa Mai Kwat. Shi kuwa ya gyara zama, ya kashe murya. "Ƙanwata, duk wanda ya sage miki gwiwa maƙiyin arzikinki ne. Mace irinki ai ba ta dace da ƙurar katako ba."

Ta daina ɗaukar wayar Kafinta. Da ƙyar, da ban baki, ta sauko.

Wata ya ƙare ko guda ba ta sayar ba. Ta zo shagon ta zauna a kan benci ta yi ta kuka, har da shessheƙa. Shi kuwa bawan Allah komai yana iya jurewa ban da hawayen Auta. Ya faɗi gaskiya, an yi fushi da shi. Ya yi shiru, ga kuka. Sai ya bi ta bayan gida: ya riƙa ba mutane kuɗi a ɓoye su je su saya, su kawo masa. Matan unguwa kuwa abin nema ya samu, ga ɗan na goro, ga abin dariya. Wai har rantsuwa suka yi ba za su faɗa ba, kuma abin mamaki suka riƙe!

Mu dawo shago.

"Ni na aike su," in ji Kafinta a hankali.

"Dukansu?"

"Dukansu."

"Ba ko mutum ɗaya da ya saya don yana so?"

"Akwai tsohon nan mai gadi... amma ya dawo da shi, wai yana sa shi ƙaiƙayi."

Auta ta zame ta zauna a kan kwali. Sai a lokacin ta lura da tsakiyar shagon, fili fetal.

"Ina injin yankan katakonka?"

"Yana wurin gyara."

"Kalle ni ka faɗa!"

Bai kalle ta ba.

"Innalillahi... Ka sayar! Ka san abin da ka yi kuwa? Da na ga kaya na tafiya na ce kasuwa ta buɗe! Na sa Umma ta sayar da keken ɗinkinta! Na kai ƙawayena! Na kai Yayarka, ta zuba duk abin da ta tara!"

Ya ɗago a firgice. "Yaya? Yaya ta shiga?"

"Ta ce kar in gaya maka, za ka hana ta!"

Kun ji fa. Kowa na ɓoye wa kowa, duk da sunan ƙauna.

"Ni dai ba na son kukanki ne, Auta."

"Da ka bar ni na yi kukana! Da ka bar ni na faɗi tun ina kusa da ƙasa! Kai ka riƙe min tsani na yi ta hawa!"

Ta fice, ko mayafinta ba ta gyara ba. Kai tsaye ta nufi benen, ta ce yau sai an karɓi kaya an ba ta kuɗin mutane. Mai Kwat ya tarbe ta da murmushi, ya ce ta kwantar da hankalinta, ta dawo farkon mako. Har da cewa kuka na ƙara mata kyau.

Farkon mako ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta leƙa ta taga, ko kujera babu, sai hoton motar da ake kwaɗaita musu manne a bango.

Kafin ta iso gida tsakar gidansu ya cika. Ƙawaye, maƙwabta, kowa da bakinsa. Umma na zaune a inda keken ɗinki yake a da. Yayar Kafinta ce a gaba, ɗankwali a ɗaure a ƙugu.

"Ke ce kika rantse min kaya na tafiya kamar ruwa!"

"Yaya, wallahi ni ma haka na gani..."

"Kar ki ƙara ce min Yaya! Kin cinye ni, kin cinye ƙanena har injinsa! Ni na raine shi tun rasuwar uwarmu, kuma muddin ina numfashi ba za ki shiga gidanmu ba!"

Manya sun shiga tsakani, an yi ta kai da kawo. Yaya ta ce ko ita ko Auta.

Bayan 'yan kwanaki Kafinta ya zo da yamma, jaka a kafaɗa. Ya rufe shago, zai tafi wani gari ya yi aiki a ƙarƙashin wani. Suka tsaya a ƙofar gida, tazarar da ba su taɓa bari ba a tsakaninsu.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Zan riƙa turo abin da ya samu, a fara da keken Umma."

"Ni zan biya. Ni na kai su." Ta ɗan matso kusa da shi. "Masoyi... in na je na durƙusa wa Yaya? In na yi ta zuwa har ta gaji?"

"Ba Yaya kaɗai ba ce."

"To wane ne?"

"Ni ne." Ya gyara riƙon jakarsa. "Na zauna na tambayi kaina, da za ki sake zama a bencin nan kina kuka, me zan yi? Wallahi Auta, sake saye zan yi. Ko rigata ce sai na sayar. Ban iya gaya miki gaskiya ba, ke kuma ba ki iya jin ta daga bakina ba. Gidan da aka gina a haka, kanmu zai faɗo."

"Zan koya..."

"Allah ya ba ki wanda zai iya ce miki a'a."

Ya juya.

Hawaye suka cika mata ido taf. Ta san shi sarai: ɗigo ɗaya zai gani ya yar da jakar nan, ya saɓa wa Yaya, ya saɓa wa kansa.

Ya waiwayo.

Auta ta cije leɓe, ta yi masa murmushi, har da ɗaga hannu.

Sai da ya sha kwana ta durƙushe.