Wasan Da Ya Cinye Zanen Umma

A shagon Umma akwai wata tsohuwar kwamfuta. Ta girmi Auta, 'yar Umma, nesa ba kusa ba. Idan aka kunna ta, sai ta yi ta gurnani kafin ta farka.

Umma mai ɗinkin ado ce. Tana zana fure ko tambari a kwamfutar, sai babban keken da ke gefe ya ɗinka shi a jikin riga. Keken ba ya aiki da sabuwar kwamfuta, sai wannan tsohuwar. Shi ya sa Umma take lallaɓa ta.

Kawu, ƙanen Umma, shi ne mai gyaran kwamfuta. Ya raba ta gida biyu. Ɓangaren Umma yana da kalmar sirri. Ɓangaren Auta kuwa, zane da rubutu kawai ake iya yi a ciki.

Wannan abu yana ci wa Auta rai.

"Kawu, ni fa ba jaririya ba ce," in ji ta. "Ajinmu kowa yana da wasa a kwamfutar gidansu. Ni kaɗai ce aka mayar 'yar kallo."

"Wannan ta aiki ce, Auta," in ji Kawu. "Kuma ta tsufa. Waɗanda suka yi tsarinta sun daina aiko mata da gyara. Duk abin da ya shige ta, kayar da ita zai yi."

Auta ta turo baki. A ranta ta ce, rowa ce kawai irin ta manya.

Wata rana ƙawarta ta ba ta filash a makaranta. Ta ce akwai wasan tseren motoci a ciki. Dama Auta ta daɗe tana satar kallon yatsun Umma, har ta haddace kalmar sirrin.

Da Umma ta fita sayen zare, Auta ta shiga ɓangarenta. Ta soka filash ɗin. Nan da nan wani jan rubutu ya fito a allo. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta ce, wadda Kawu yake kira mai gadi. Rubutun ya ce akwai haɗari a cikin filash ɗin.

"Har ke ma?" in ji Auta. "Kowa sai ya hana ni."

Ta kashe mai gadin. Ta buɗe wasan. Wata mota ta fito, ta yi 'yar tafiya, sai ta tsaya cak. Auta ta ja tsaki, ta zare filash ɗin, ta kashe kwamfutar.

Washegari da ta dawo daga makaranta, ta tarar da keken a tsaye shiru. Fararen riguna suna jibge a kan tebur. Rigunan 'yan tseren makarantar su Auta ne, kuma ita ma tana cikin masu gudun. Umma ta yi alkawarin sa musu tambarin makaranta kafin ranar gasa.

Umma tana zaune gaban kwamfutar, ta yi tagumi. Kawu yana ta danne-danne.

"Duk zanen ya lalace, Yaya," in ji Kawu. "Ƙwayar cuta ce. Kuma wani ya kashe mai gadin da hannunsa."

Umma ta juyo ta dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai.

"Ni ce, Umma," in ji ta a hankali. "Wasa kawai na so in sa."

"Wasa?" in ji Umma cikin ɓacin rai. "Kin san irin zaman da na yi a kan kujerar nan? Bayana ya yi ciwo, idona ya yi ja. Furen da ke wuyan rigarki ma a nan na zana shi. Kika saci kalmar sirrina, ina zaune da ke ban sani ba. Abin da ya fi yi mini zafi ke nan."

Auta ta fashe da kuka. Can kuma fushi ya taso mata.

"To Kawu, wa ya yi wannan ƙwayar cutar? Me Umma ta yi masa? Ko saninta bai yi ba."

"Bai san ta ba," in ji Kawu. "Mugaye ne suke ɓoye ta a cikin wasa, su sake ta ta yi ta yawo."

"Wannan ai zalunci ne. Kuma ƙawata ta ce tasu kwamfutar lafiya lau."

"Tasu sabuwa ce, kullum ana sabunta ta. Tamu kuwa, mu ne za mu tsare ta. Mai gadin ya gaya miki gaskiya, kika rufe masa baki."

Auta ta share hawayenta.

Kawu ya buɗe jakarsa ya ciro wani ɗan baƙin akwati, bai fi tafin hannu ba. Ya ce a ciki yake ajiye kwafin ayyukan Umma lokaci-lokaci. Ya wanke kwamfutar tas, ya mayar da tsofaffin zanen. Amma tambarin makaranta ba ya ciki, don sabo ne. Dole Umma ta sake zana shi daga farko.

A makaranta, malamar wasanni ta tambaya ina riguna. Auta ta miƙe ta faɗi abin da ya faru. Sauran 'yan tseren suka yi ta harararta. Wata ta ce saboda ita za su fita da riguna ba tambari, kamar ba su da makaranta. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta mayar wa ƙawarta filash ɗin, ta ce a kai shi a wanke kafin ya ɓata kwamfutar wani.

Kullum aka tashi, sai ta wuce shago kai tsaye. Ta kawo rigarta ta makaranta don Umma ta duba tambarin. Umma tana zane, ita tana share shago. Da keken ya fara aiki, ita ce mai yanke zare da ninke riguna. Yatsunta suka yi tsami, amma ba ta yi ƙorafi ba.

Kawu ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake tsare tsohuwar kwamfuta. Umma ta canza kalmar sirri, ta sa doguwa mai wuyar cinka. Suka kunna mai gadin, suka sabunta shi. Suka duba katangar tsaro, wadda ke tare baƙi daga intanet. Kawu ya hana filash buɗe kansa da kansa, sai an bincike shi tukuna. Ya kuma cire wayar intanet gaba ɗaya, tunda keken ba ya buƙatarta.

"Kwafin fa?" in ji Auta. "Da an yi shi da wuri, da tambarin bai ɓata ba."

Kawu ya yi dariya. "To wannan aikinki ne daga yau. Duk ƙarshen mako ki tuna wa Umma."

Rigunan suka fito kafin ranar gasa. Auta ta zo ta biyu a tseren. Umma tana bakin fili tana tafa mata, ta rungume ta da gumin da komai.

A hanyar gida Auta ta riƙe hannun Umma.

"Umma, na gane. Ba rowa aka yi mini ba, aikinki ake tsarewa."

"Haka ne, Auta," in ji Umma. "Kada ki shiga inda ba a ba ki izini ba. Idan kwamfuta ta yi miki gargaɗi, ki tsaya ki kira babba."